Shekarar da Na Kai Inna Kallon Fitilu

A gidanmu na Makka, duk shagalin ƙaramar sallah bai wuce kallon fitilu ba. Tun azumi yana goman ƙarshe za ka ga ma'aikatan baladiyya, wato hukumar gari, a saman dogayen motocinsu suna naɗe itatuwan dabino da igiyoyin ƙananan ƙwayayen lantarki, suna rataya siffar jinjirin wata da tauraro a jikin turakun titi. Washegarin sallah, da an idar da magariba, maigidana zai goge motarsa, ni da yaranmu biyu mu shiga, a ɗage gilasai a kunna sanyi, mu yi ta zaga gari har yaran su fara hamma. A sayi askirim a hanya, a dawo gida. Haka muka yi shekara da shekaru, ban taɓa ganin aibun abin ba sai shekarar da Inna ta zo.

Inna mahaifiyata ce, ni ce 'yarta ta fari. Ta zo umarar azumi ne tare da ayarin mutanen garinmu, a shekarun nan da azumi ke faɗowa tsakiyar zafi, muka ɗauko ta daga masauki ta zauna wurinmu. Bizarta za ta ƙare jim kaɗan bayan sallah, jirginsu kuma zai tashi daga Jidda cikin makon farko na Shawwal. Ni kuwa tun ranar da na ga ta ajiye jakarta a ɗakin 'yata na ƙudurta a raina ba za ta hau jirgin nan ba. So nake ta zauna, da takarda ko babu.

Mutanen gida kallon kitse suke yi wa rogo. In an ce wance tana Makka, shi ke nan ta haye, babu mai tambayar da wa take magana in gari ya waye. Da can muna zaune a titin Shara Mansur ban san kaɗaici ba. In ka buɗe taga Hausa ce za ta riga iska shigowa: mai fura, mai ƙosai, wata tana yi wa ɗanta faɗa da Sakkwatanci. Sai aka fara rusa unguwannin bayan titin, aka kuma tsananta kamen marasa takarda. Maigidana direba ne a wani kamfanin gine-gine, igamarsa, wato takardar zamansa, lafiya lau take, kuma mutum ne da ba ya son abin da zai haɗa shi da hukuma ko da gaisuwa ce. Ya kwashe mu ya kai unguwar Utaibiyya, hawa na uku a wani bene. Maƙwabtan ba mutanen banza ba ne, in kun haɗu a matakala za a yi sallama a amsa, amma ƙofar kowa ta ƙarfe ce kuma a rufe take. Yaran nan a Makka na haife su, Larabci suke yi da juna, in na yi musu Hausa su amsa mini da Larabci kamar ni ce baƙuwar. Uban ya fita da asuba, sai ya dawo ya ci abinci yana gyangyaɗi. Akwai ranar da zan wuni ban furta kalmar Hausa ko ɗaya ba, sai fa in tukunya ta ƙona ni.

Zuwan Inna sai gidan ya zama gida. Ba wai hira take yi da ni ba, a'a. Inna mutuniyar da ce, kunyar ɗan fari take yi mini, ba ta taɓa kama sunana ba. Ke, ko uwar yaran nan, iyakarta ke nan. A gida da ƙanwata take sakewa, ni sai gaisuwa da umarni. Amma a nan da babu kowa sai ni, dole ta sa ta saki jiki. Tana tsintar wake tana ba bango labarin wanda ya mutu da wadda ta haihu, ni kuma ina gefe ina kwasa. Ta kushe shinkafarmu, ta kushe ruwan famfo, ta kushe yadda nake yanka albasa. Wallahi ko faɗan nata daɗi yake mini.

Na sami maigida da maganar ana saura kwana kaɗan sallah. Ya tuna mini abin da na riga na sani: in aka kama mutum yana ɓoye wanda bizarsa ta ƙare, igamarsa ce a bakin wuta, mu duka za a iya tattarawa. Na ce tsohuwa ce, ina za ta je da za a kama ta, daga gida sai Harami? Ya ce to, in ta yarda shi ba zai ce a'a ba, amma kada in sa bakinsa a ciki. Da ma ina bakin yake? Tsakaninsa da Inna surukuta ce irin ta da. Daga bakin ƙofa yake durƙusawa ya gaishe ta, ita kuma ta ja mayafi ta amsa tana kallon ƙasa.

Saura Inna. Na san ba a tunkarar ta kai tsaye, sai na ɗana mata tarko biyu. Na farko fitilun nan. A garinmu wutar lantarki baƙuwa ce, in ta zo yara har ihu suke yi, na ce bari ta ga Makka cikin kwalliyarta, gani ya kori ji. Na biyu kuwa na ajiye shi sai ƙarshe, don na san babu tsohon garinmu da ba ya addu'ar Allah ya ɗauki ransa a Makka.

Ranar sallah bayan mun dawo daga idi na gaya mata gobe da magariba za mu fita kallon fitilu. Ta ce to, Allah ya kai mu. Da la'asar sai na tarar ta jiƙa shinkafa a babbar roba, daga baya ta sa 'yata ta markaɗa mata, ta kwaɓa ta rufe. Washegari tun azahar ta sa na zaro tandar da na saya a Mansur na jefa bayan kabad, ta zauna a ƙasa gaban ƙaramin murhun gas tana suyar waina, zufa na zuba. Ta yi miyar taushe da daddawar da ta ƙullo daga gida. Ƙanshi ya cika benen, ni kuma ina ta murna, na ɗauka namu ne.

Sai ta ce in kawo duk kulolin abincin da ke gidan. Ta jera su, waina a ƙasa miya a sama, ta ɗaure kowace da ɗankwali mai tsabta. Ta yi wanka ta sa sabuwar atamfarta a ƙarƙashin baƙar abaya, har da kwalli. Sannan ta tambaye ni, tana gyara ɗaurin wata kula, wa ya fi girma a cikin mutanenmu na nan, don da gidansa ya kamata a fara.

Na ce, "Inna, fitilu fa za mu je gani."

"Na ji," in ji ta. "Ai a hanya za mu gan su. Mutum da hankalinsa zai yi wanka ya sa sabon kaya don ya je ya gai da ƙwan lantarki?"

Me zan ce? In ce mata haka muke yi duk shekara, ga mu da hankalinmu? Ina son ta zauna, ba zan fara da nuna mata ba ni da ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Na shige ɗaki na hau laluben waya. Mutum ɗaya ce ta faɗo mini, wata Badamagariya mai sayar da fura a Mansur, wadda ta yi mini wankan jego a haihuwata biyu, ta tsaya mini kamar uwa. Rabon da mu yi magana tun kafin aikin hajjin bara. Na kira, waya a kashe. Na ce ko ma mene ne, gidanta dai na san shi. Maigida ya shigo ya ga kuloli jere a bakin ƙofa, ya dube ni, na kau da kai. Ya kwashe su ya kai bayan mota. Ɗaya ce Inna ta hana, ta ce miya za ta zube, ta rungume ta a cinya.

Ta zauna a bayan kujerarsa daidai inda ba za su haɗa ido ta madubi ba, jikokinta a gefe, ni a gaba. Muka gangaro daga Utaibiyya. Shekarar nan kuwa baladiyya ta yi rawar gani. Dabinon tsakiyar titi duk sun sha ado tun daga gindi har wuya, fari da kore. A wani shataletale an kafa ƙatuwar butar gahawa ta fitilu tana tsiyaya haske a ƙaramin kofi. Yaran suna ta jan hannunta, shufi ya sitti, wato kaka duba, ita kuma tana ta masha Allah. Da muka hau gada sai ga dogon benen nan mai agogo da bai daɗe da fara haska gari ba, kore shar, an harba wasu dogayen haske daga kansa har inda ido ya gaza. Inna ta daɗe tana kallo. Ta tambaya ko Ka'aba tana ƙarƙashinsa, na ce tana nan gabansa. Ta ce madalla. Na saci kallonta, na ce a raina tarko ya fara kamawa.

Ashe hankalinta ba a nan yake ba. Duk ginin da ta ga an lulluɓe shi da fitilu sai ta tambayi bikin wa ake yi, don a garinmu ba a jan wayar fitilu a ƙofar gida sai da dalili, aure ko saukar karatu ko dawowar alhaji. In ce kantin kujeru ne. Wancan fa? Otal ne. Ta ce to masu gidan suna ina? Na ce ba gida ba ne, Inna. Ta gyara riƙon kularta.

Da muka shiga Mansur sai ta farfaɗo. Hayaƙin tsire, mata zaune bakin titi da tulin atamfa da robobin yaji, samari sun sha shadda suna kai da kawo. Ta sa jikanta ya sauke mata gilashi, zafi ya bugo mu kamar an buɗe tanderu, ba ta damu ba, sai barka da sallah take yi wa duk wanda ya matso, ana amsa mata. Na nuna wa maigida lungun da ke hawa dutse zuwa gidan mai fura. Ba mu yi nisa ba sai ga shingen kwano ya tare hanya. Ta bayansa babu gida ko ɗaya, sai tarin ɓaraguzai da motocin tona ƙasa a tsaye, da wasu manyan fitilu farare na masu aiki. Na fito na tsaya ina neman inda ƙofarta take a da, na kasa ganewa.

Wani tsoho mai ɗinki a bakin lungun ne ya ba mu labari. Ya ce mutanen layin nan sun watse tun bara, wasu Jidda, wasu bayan gari. Mai fura kuwa an kama ta a kasuwa kafin hajji, ta yi kwanaki a gidan tarhil inda ake tara waɗanda za a mayar, yana jin yanzu tana Damagaram. Matar da ta gasa mini jiki sau biyu, an kwashe ta kusan shekara, ni ina zaune a garin ban sani ba. Da Hausa tsohon ya yi bayaninsa tas, gilashin Inna kuma a sauke yake.

Na koma mota. Inna ta ce Allah ya sa can ya fi mata nan, sai gida na gaba. Na ce unguwar Hindawiyya, wurin matar abokin maigida, duk da sau biyu kacal na taɓa shiga gidan. Maigida ya yi gyaran murya, ya ce da ni ƙasa-ƙasa ai abokin nasa ya mayar da iyalinsa gida tun bayan babbar sallah, yanzu ɗaki ɗaya yake da wasu gwauraye. Na lalubi kaina kaf, kusan shekara ashirin a garin nan, babu gida na uku.

Maigida ya so ya rufa mini asiri. Ya ce ga masu sharar titi can, bayin Allah, su ma sallah suke yi nesa da gida, a ba su mana. Inna ba ta dube shi ba, ni ta yi wa magana, alhali tsakaninta da ƙeyarsa bai fi kamu ɗaya ba.

"Gaya masa Allah ya yi albarka, a ba su biyu. Amma na sadaka daban, na zumunci daban. Kwanon sallah ba ya dawowa wayam."

Aka ba su biyu. Ɗaya ta rage a baya, sai ta hannunta da ta ƙi saki.

Akwai wani fili a hanyar fita Jidda inda aka shuka ciyawa aka jera dabino, can mutanen gari ke shimfiɗa dardumomi a ƙarƙashin fitilu. Nan muke ƙarewa duk shekara. Muka shimfiɗa tamu muka buɗe kular da ta rage a bayan mota, maigida ya ɗebi rabonsa ya koma gefe don kada ya ci a gabanta. Inna ba ta ci ba, kallon mutane take yi. Fili cike, kowane iyali da dardumarsa da butar shayinsa, tsakanin wannan da wancan taku kaɗan, amma babu mai ɗaga kai ya dubi wani. Ta ce ba su san juna ba ne? Na ce sun san nasu, tun jiya suka gama ziyararsu.

Ban ankara ba sai na ga ta kwance ɗankwalin kularta ta miƙe. Dardumar da ke kusa da mu ta wata dattijuwa ce sa'arta, da 'ya'yanta mata da jikoki. Inna ta je ta yi sallama, ta rusuna kaɗan, ta buɗe kular ta miƙa mata da hannu biyu. Matar ta dubi waina, ta dubi baƙar tsohuwa da kula a hannu, ta yi murmushi. Sai ta jawo jakarta ta zaro kuɗi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Larabcin da nake da shi duk ya taru a bakina, kuma ba mai daɗin ba. Allah ya taimake ni 'yata ta riga ni isa. Ta yi wa matar bayani da harshensu, irin nasu sak, cewa kakarta ce, baƙuwa ce, abincin sallah ta kawo mata don maƙwabtaka. In faɗi gaskiya, matar nan ta ji kunya. Ta miƙe da ƙyar tana dafa gwiwa, ta kama kan Inna ta sumbata tana neman afuwa. Ta sa aka juye wainar, aka ɗauraye kular da ruwan gora, aka cika ta da dibyaza, wani haɗin busassun 'ya'yan itace mai zaƙi da mutanen Makka ke yi da sallah.

Inna ta dawo ta ajiye kular a tsakiyarmu. Ta ce to, ga shi dai ba ta dawo wayam ba. Sannan ta yi 'yar dariya ta ce matar ta zaci talla take yi. Dariyar nan ta fi kuɗin ƙona mini rai.

Maigida ya ja yaran suka tafi sayen askirim, na san da gangan ya bar mu mu biyu. Tarkon farko ya riga ya tsinke, amma ban haƙura ba, na matsa kusa da ita na fitar da na biyu. Na roƙe ta ta zauna. Na ce ga Harami kusa, salla ɗaya a can ta fi dubbai a wani wuri, ga asibiti, ga zamzam kamar ruwan rijiya. Na ce kuma in ta Allah ta kasance, a gaban Ka'aba za a yi mata salla, a ƙasar nan za a sa ta. Wa ya ƙi wannan?

Ta zuba ido tana kallon wani dabino da fitilunsa ke mutuwa suna kamawa. Sai ta hau yi mini tambayoyi kamar ba ta ji ni ba. Tun da muka koma benen nan, mace nawa ta taɓa shigowa ta zauna har ta cire mayafi? In zazzaɓi ya kwantar da ni, wa ke leƙo ni? Na ce ai 'yata ta girma. Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba.

"In na mutu a nan," ta ce, "jama'a za su yi mini salla ba iyaka, na gani da idona kullum ana yi wa wasu. Babu wanda zai san ko wace ce, amma wannan ba komai, Allah ya sani. To in an dawo daga maƙabarta fa? Wa zai zo ya zauna da ke?"

Sai kuka ya ƙwace mini a tsakiyar mutane, ni da 'ya budurwa. Na gaya mata abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigida. Na ce, "Inna, kaɗaici zai kashe ni a garin nan."

Ta kau da kai, don ba a saba haka tsakaninmu ba. Ta ce kul, kada in ƙara faɗa. Sai ta miƙo hannu ba tare da ta dube ni ba, ta ja gefen mayafina da ya zame ta rufe mini kafaɗa. Ta ce in haka ne ni in taho gida mana. Na nuna mata yaran, ga su can tafe suna musu da Larabci a kan wa aka ba babba, yaran da ba su taɓa ganin damina ba, ga ubansu a baya da abincinsa a nan yake. Ta bi su da kallo, ta gyaɗa kai. Game da zamanta kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Allah ya zaɓa abin da ya fi alheri, abin da ta ce ke nan, muka naɗe darduma.

Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tunda ba ta ce a'a ba, sai na riƙe wannan. Ta ce a kai ta kasuwa, ta sayi dabino da carbi da 'yan zobba, na ce ai tsaraba ko ba ta tafi ba sai a ba 'yan ayari su kai. Ta sa na gaya wa maigida ya samo mata babbar jarkar zamzam, na ce sha za ta yi. Har na fara auna bangon falo da ido, ina neman inda zan sa mata gado na dindindin.

Ana jibi jirginsu zai tashi, da hantsi, na neme ta a ɗaki ban gan ta ba. Na hau saman bene inda muke shanya. Tana can a tsugune gaban roba, jarkar zamzam a gefe, tana tsoma wani dogon farin yadi sabo fil, wanda ban ga lokacin da ta saye shi ba. Duk wanda ya zauna a Makka ya san yadin nan. Likkafani ne. Alhazai ke saye su jiƙa shi da zamzam su shanya, su tafi da shi gida su ajiye har ranarsa. Wanda za a binne a nan ba ya bukatar wannan wahala, masu wankan gawa suna da nasu, zamzam kuma ga shi nan ko'ina. Mai tafiya ne ke yin wannan guzuri.

Na tsaya a bakin ƙofa. Ba ta juyo ba. Ta matse shi a hankali a cikin robar don kada ɗigo ya zuba ƙasa, ta shanya a igiyarmu kusa da rigunan yara. Ranar Makka ba ta wasa, kafin ta gama shafa ragowar ruwan a fuska da hannuwa yadin ya fara bushewa. Muka tsaya a 'yar inuwar tankin ruwa muna jiransa. Raina ya ɓaci, ina so in yi faɗa, in ce me ya sa ta bar ni ina ta auna bango, amma na rasa ta inda zan fara.

Da ya bushe ta sauke shi ta ce, "Ke, zo ki kama mini."

Na kama baki ɗaya ta kama ɗaya, muka ja ya miƙe, muka ninka. Ta tako na tako, muka haɗa, muka sake ja. A ninkin ƙarshe, da muka zo dab da juna, ta karɓe shi daga hannuna ta danna a ƙirji tana daidaita gefensa.

"Zan nuna wa ƙanwarki inda na ajiye," ta ce. "In kin ji labari ba sai kin taso ba. Hanya da nisa, ga yara. Ki je Harami ki yi mini addu'a, ke ce kusa."

Na ce to. Muka sauko. Ta sa shi a ƙasan jakarta, ta jera dabino da carbi a kai, jakar ta cika ta ƙi rufuwa. Ta yi ta fama da zik ɗin, ina tsaye ina kallo. Can sai na ce ta matsa, na hau jakar na danne ta da gwiwa har ya ja.